Lissafin Yaron Mota

Mai ƙidaya ya zo da alli a hannu,
ya bi gida-gida yana zana lamba,
har bangon rumbun acca na Ngo Kaneng bai bari ba.
Da la'asar ya ce mu ɗari huɗu ne da sha biyu,
ya hau babur ɗin Davou ya koma Jos,
ƙafar wandonsa jawur da laka.

Da ma ni ya tambaya.
Ni ke rataye a bayan akori-kura,
ita kaɗai ke hawowa Tudun Ƙerana,
Litinin da Alhamis, in gada ta yarda.
Ba ni da biro, ba ni da takarda,
amma ba mai barin garin nan
bai ajiye kuɗinsa a tafin hannuna ba.

Da asuba mu sauka da mutum sha takwas,
dankali buhu talatin, kabeji a kan cinya,
akuya ɗaure da ƙarfen baya tana tsine mana.
Mu ratsa kududdufan kuza masu koren ruwa,
inda kakana ya haƙa ƙasa har bayansa ya tanƙware,
mu tsallake layin dogon da ciyawa ta haɗiye.
Sai a Bukuru taya ke sumbatar kwalta,
mota ta yi ajiyar zuciya,
mu ma mu yi.

Da yamma a Farin Gada in ƙirga kawuna:
sha biyar.
Oga Gyang ya danna ham, ya sake dannawa.
Ba makara suka yi ba, na sani, shi ma ya sani.
Ɗaya ya samu gadi a gidan wani mai kuɗi,
ɗaya ta bi yayarta Nyanya koyon kitso,
na ukun ko sallama bai yi mini ba,
ledar da ya ce ta wanki ce
ashe duk abin da ya mallaka ne.

Ana ƙaruwa kuma, ban musa ba.
Daminar bara ruwa ya shafe gada,
Chundung ta sauka a bayan motar nan,
a kan buhu, mata sun yi mata labule da zani,
ni ina riƙe da tocila, fuskata na kallon dutse.
Ɗan Gada muke ce wa yaron.
Na wane gari ne a littafinka, mai alli?
Tsakanin nan da can aka yanke masa cibiya.

Baba Dalyop, shekara talatin a birni,
ya dawo ran wata Alhamis cikin akwati.
Kuɗin kaya aka biya masa, ba na kujera ba.
Na karɓa, hannuna bai daina rawa ba har gida.

Ran Kirsimeti ko Babbar Sallah zo ka gani:
motoci jere a bakin gada, an rasa mai ƙetarawa,
yara masu farin takalmi suna tsoron kaji,
suna gaida kakanninsu da Turanci.
Kwana uku mu haura dubu.
A na huɗu sai tukwane da tsofaffi.

An ce kwalta na zuwa, an kafa turaku da jan ƙyalle,
awaki sun cinye ƙyallen tun kafin zaɓe.
Wasu na cewa in ta zo gari zai cika.
Tanimu mai faci bai ɗago kai daga tiyub ba,
ya ce, hanya ai baki biyu gare ta.

Gobe Alhamis.
Ɗazu ƙanwata Asabe ta same ni ina wanke mota,
ta miƙo kuɗin zuwa, ta ce in riƙe mata gefen taga.
Na tsaya da hannu a buɗe ina jiran na dawowa.
Ta ce, Yaya, ka bar soso yana ɗiga a ƙafarka.