Me Muka Riƙe?

An ba ni aikin rubuta manufar jam'iyya,
don na fi kowa kyan rubutu a mazaɓar Gangare.
Shugaba Jatau ya ce, "Tanimu, kar ka ja ta da nisa.
Mu 'yan riƙau ne.
Ka rubuta: gwamnati ba uwar kowa ba ce.
Tsoho na 'ya'yansa ne, maraya na dangi,
haka muka tarar, haka za mu bari."
Ya ajiye mini biro da kuɗin shayi.

Na yarda da shi, ba na ɓoyewa.
Na ga tallafi ya baro Abuja da tumbi
ya iso Dilimi kamar wanda ya tashi daga jinya:
buhu ya koma mudu, mudu ya koma hoto a waya.
Na ga ƙato ya kwana a layi saboda taliya leda uku,
kabejinsa na can bakin rafi yana ƙishi.
Hannun da ya saba miƙawa, fartanya nauyi take yi masa.

Layi biyu na rubuta aka ɗauke wuta.
A duhun nan na ji tarin Kawu Sallau ta bango.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wankin kuza.
Kuzar ta hau jirgi, tarin ya zauna.
Gonar accar uban Baba Gyang, abokin dararsa,
yau kududdufi ce mai koren ruwa,
ba a sha, ba a ban ruwa da ita,
takan haɗiye akuya, wata shekarar yaro.

Kawu yana da 'ya'ya, kuma ba 'yan banza ba ne.
Barau na jan keke a Nyanya, a cikinsa yake kwana.
Tabawa na aure a Bukuru,
mijinta ya manta kalar albashi.
Autan ya shiga rami wajen Barikin Ladi
neman ragowar abin da uban ya bari,
har yau takalmansa na bakin ramin.
Dangin da Shugaba ke nufi suna nan, cikin waya,
sukan turo dubu biyu da "a yi haƙuri".
Zumunta a ƙafa take,
ƙafar kuwa yanzu da mai take tafiya.

Da can akwai gandu, in ji su, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya,
wanda ƙarfinsa ya ƙare ba ya tambayar tuwo.
To, ba malalaci ne ya watsa gandun ba.
Kamfani ne, da kwalta, da kuɗin haya,
da kasuwar nan da muke yi wa kirari a taro.
Mun sayar da rumbu,
yanzu muna aika tsoho ya je ya ɗebo tsaba.

Na kunna fitilar waya na ci gaba.
Ban ce gwamnati ta zama uwa ba, wannan ya yi mata yawa.
Ta zama maƙwabciya ma ya isa,
irin wadda in ta ji tari ta bango takan leƙo.
A bar ƙato da fartanyarsa, a gyara masa hanyar kasuwa.
Amma fansho bashi ne, ba sadaka ba,
a biya shi tun mai shi na iya taunawa.
In mun riƙe karin magana muka saki tsoho,
me muka riƙe?

Da safe, sanyin Jos na cizon kunne,
na kai wa Shugaba takardar a shagonsa na taya.
Ya karanta har ƙasa, ya sake daga sama.
Ya ce, "Wannan ai maganar 'yan sauyi ce."
Na ce, "Ta kakanka ce, na sa mata hatimi kawai."

Bai yage ta ba.
Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba,
inda wata takarda ta riga ta, ta asibiti, da sunan gyatumarsa.
Ya daɗe yana kallon titi.
Can ya ce, "Kai da kake saya wa Sallau,
maganin hawan jini, nawa ne yanzu a Taminus?"