Adakar Mushe Abarshi

Kwana arba'in da rufe shi, Inna ta miƙo min makulli
ɗaure da tsumman goge allo.
Ta ce, "Ke kika gaji allin, sai ki gaji tarkacen."
Adakar na ƙarƙashin gado, kunnenta ɗaya ya yi tsatsa,
gara ta ɗanɗana ta bar ta.

A sama, atamfar ɗaya ga Mayu,
mai hoton hannu riƙe da alƙalami.
An ɗinka ta taguwa, ta koɗe a kafaɗar dama
inda gorar tuta ke zama
tun daga Zengo har ƙofar Birni,
rana na dukan duwatsu, duwatsu na ramawa a kansu.

Katin sandika sha tara, an ɗaure da zaren buhu.
A na fari ba shi da gemu, idonsa kamar zai tambayi mai hoto dalili.
A na ƙarshe gemun ya yi fari
sai ka ce da shi ya share allo.

Ga hatimi, robarsa ta cinye,
na hura masa numfashi na danna a tafina,
rabin kalma ya fito: haɗin.
Kan ya tafi.

Ga usur na Madam Zuwera.
Ita ce aka ce mace ba ta jan maza,
ta hau teburin aji da goyo a baya,
ta busa sau ɗaya, lakwal tara suka rufe kafin hantsi.

Can ƙasa, kaye mai baƙin bango.
Baba ma'aji ne, shekara ashirin da shida,
ya jera shugabanni kamar mai kiran suna da safe:
Kyari Ɗan Jimo, an cilla shi Tesker,
inda wasiƙa ke wata biyu kan raƙumi.
Mushe Gonda, an ba shi ofis da fanka a Yamai,
fankar ta ɗauke masa murya.
Laminu Tela, ya mutu da bashin ƙungiya dala ɗari uku,
Baba ya rubuta a gefe: na biya.

Sai shafin jan biro.
"Waɗanda suka shiga aji ana yaji."
Suna bakwai.
Na bakwai, da rubutun nan mai karkata hagu
da ya sa hannu a kan duk sakamakona:
Abarshi Nomau.

Na ƙirga kwanan wata da yatsa, na sake ƙirgawa.
Inna na tankaɗe, ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Ragon sunanki ne.
Wata uku ba albashi, mai garuwa ya daina tsayawa ƙofarmu.
Kwana biyu ya shiga. Ya dawo bai ci tuwo ba."
Ta ce sau uku aka ɗaga hannu a ba shi sakatare,
sau uku ya ce, "Ku bar ni da kayena."

Ba wanda ya sa shi rubutawa.
Kayen a hannunsa yake, biron nasa ne,
shida ma sun isa cika shafi.

Gobe mu 'yan kwantaragi za mu ajiye alli,
wata huɗu ke nan muna cin alkawari.
Ɗana na tari tun shekaranjiya,
mai kemis na kasuwar Dole ya san fuskata fiye da kima.
Na mayar da atamfa, na mayar da kati,
usur ya fi ƙarfin bakina tukuna.

Kayen na ɗauka.
Akwai sauran shafi goma sha ɗaya ba rubutu,
da jan biron maƙale a bango.
Na gwada shi a bayan hannuna.
Yana kamawa.