Sandar Awo

Ni na riƙe masa sandar awo shekara goma sha tara,
mai ja da fari, mai zane kamar haƙoran zarto.
Shi yana can nesa, ido ɗaya rufe, ya duƙa kan na'ura,
ya ɗaga hannu: "Matsa hagu, Kofur Ɗan-Tani.
Tsayuwa na ce, ban ce maka rawa ba."
Ni kuwa ƙafata cikin laka, sauro na sha, ba halin motsawa.

Kwamanda Nomau Jadi, ɗan Tibiri, ɗan mai haƙar rijiya.
Ya ce ilimin farko a bakin rami ya same shi,
yana jan guga, ubansa na ƙasa yana kiran sunan kowace ƙasa:
wannan jigawa ce, maƙaryaciya,
wannan yumɓu, mai riƙon amana,
wannan kuwa in ka ji sanyinta a tafi, ka kusa ruwa.

Soja ne, amma ban taɓa ganin ya harba bindiga ba.
Fensir a bayan kunne, igiyar awo a aljihun kaki,
galo huɗu a kafaɗa, siminti a farce.

Kadarkonsa na farko, kan hanyar Madarunfa,
damina biyu ya yi.
Daren wata Laraba gulbi ya taso daga Jibiya da fushi,
da asuba sai ƙarafa tsirara suna nuna sama.
Manya suka zo daga Yamai, suna neman wanda za a ɗora wa.
An ce ɗan kwangila, an ce leburori, an ce ƙaddara.
Ya tuɓe hula ya ce: "Lissafina ne.
Na tambayi takarda, ban tambayi tsofaffin gari
inda ruwa ya kai shekarar da aka haife su ba."
Ya yanko guntun rodi a lanƙwashe ya aje kan teburinsa,
har ya bar aiki yana nan, yana danne takardu, yana tunasarwa.

Na biyun yana nan. Je ka gani.
Jiya na ƙirga: amalanke bakwai na rake,
matan Jiratawa da kwandunan tumatir da zogale,
ɗan kabu-kabu ya goyo mai naƙuda zuwa asibiti,
ƴan lakwal suna tofa yawu ƙasa su ga na wa zai riga.
Babu allo, babu suna.
Kowa dai wucewa.

A arewa, bayan Agadas, mun yi rarrafe wata uku
muna tonon nakiyoyin da wasu suka shuka.
Can ya bar yatsa biyu na hannun dama.
Da ya dawo sai ya koyi zane da hagu,
layinsa ya ɗan karkace, lissafinsa bai karkace ba.
Yakan ce: "Takwas sun isa ƙirga buhun da aka sace."
Masu sito kuwa ba sa dariya in ya faɗa, sai sunkuyawa.

Gidansa na unguwar Zariya bai ƙare ba.
Mutumin da ya yi wa gari magudana
ɗakinsa na yoyo, Hajiya Rakiya na tara kwanoni.
Kullum "bayan damina", kullum wani ƙauye ya riga shi kira.

Ran da muka kai shi, na tsaya bakin kabari
na ga gefen gabas ya ɗan shiga ciki.
Wallahi sai da na ji muryarsa a ƙeyata.
Na karɓi magirbi hannun yaron, na sauka, na daidaita,
mutane na kallon tsoho ya haukace.

Allah ya sa ƙasar ta zame masa mai riƙon amana.
Sandar tana bayan ƙofata, jan ya koɗe.
Wani lokaci da hantsi nakan fito da ita tsakar gida,
in tsaya cak, in dubi nesa,
ko wani zai ɗaga hannu ya ce na iya tsayuwa.