Fataka a Gindin Mangwaro

Ruwa ya ɗauke da hantsi, Aboabo na tururi.
Na ari na'urar Mumuni,
wadda ya dawo da ita daga ramukan zinare,
ba zinare, sai tari da bashi.
Na bi bayan tsohuwar rumfar goro ina lilo da ita
kamar mai sharar da ba ta tara komai.

Ta yi kuka: murfin kwalba.
Ta yi kuka: ƙusa, sai rabin cokali.
Yara suka ƙoshi da dariya suka watse.
Can gindin mangwaro, inda jar ƙasa ke riƙe takalmi,
ta sauya murya, siririya, kamar sauro a kunne.
Taƙi guda na tona.
Baƙin abu, zagayayye, nauyinsa ya fi girmansa.

Har na yanka lemon tsami, na ɗebo toka,
Goggo Ladidi ta buge min hannu:
"Tsohon da ya kwana a ƙasa
ba a tarbarsa da soso.
Kai shi wa Baba Gwadabe."

Maƙerin fari ne, a lungun Asawase,
tabarau ɗaure da zare, yatsu duk tabon wuta.
Bai ce sannu ba. Ya tsoma shi a ruwan ɗumi,
ya bar ƙasar ta sauka da kanta.
Kan wani sarki ya fito, da gemu da kambi,
a baya bishiyar kwakwa tsaye ita kaɗai,
lambobi huɗu a gefenta:
alif ɗari tara da sha shida.

"Fataka ce," in ji shi, "sule biyu.
Amma fuska ba shaida ba ce.
An yi gwanaye a garin nan
masu dafa dalma cikin dare,
gari ya waye su sayi rago da ita."

Ya kawo maganaɗisu. Ba ta ko gaishe shi ba.
Ya ɗora ta a ma'auni, harshe ya yi rawa ya tsaya,
sha ɗaya da ɗan ɗoriya,
ya rage abin da hannayen mutane suka cinye.
Ya bi bakinta da farce, tsaga bayan tsaga,
yana neman ɗinkin da zubi ke bari,
yana neman ƙurajen kumfa. Babu.

Sai ya ce a kashe rediyo.
Ya ɗora ta kan yatsa, ya ƙyasta ta da wata.
Sautin ya tashi, ya ƙi sauka,
ya wuce ƙofa, ya wuce mai tallan koko,
har na ji shi a haƙorana.
"Dalma tari take yi," in ji Baba.
"Azurfa ce kaɗai ke jan baki haka."

Na tambayi kuɗinta, zuciya na tsalle.
Ya yi dariyar da ta ƙare da tari:
"Waken mako biyu, in ba ka sa ƙwai ba.
Irinta dubu ne. Ko na narka maka zobe?"

Na karɓi abata. A cikin trotro na riƙa juya ta.
Wani ya ɗauko huhun goro a ka,
kwana nawa, ban sani ba,
aka zuba masa wannan a tafi,
aljihu ya ci amanarsa a gindin bishiya.
Ya dawo da fitila? Ya zargi abokin kwana?
Me ya ce da ya isa gida?

Yanzu tana shagona a Adum, cikin gwangwanin sukurori,
tsakanin matattun wayoyi.
Mumuni na cewa rabi nasa ne, tunda na'urar tasa ce.
Na ce ya zo da zarto.
In kasuwa ta yi sanyi da la'asar
nakan ƙyasta ta kusa da kunne,
in saurara har ta gama.