Sirdin Madubi

Idona na dama ya fara cin amanata.
Bara in na hangi gafiya bakin kunyar albasa,
kafin ta ɗaga hanci na gama da ita.
Bana sai in ga biyu, in harbi wadda babu.

Sai ɗana Anaruwa ya aiko da kwali daga Ikko:
madubin hange guda, sirdi iri biyu,
da sabuwar uwar bindiga, fara fat, marar nauyi,
da saƙo a waya: Baba, a sake komai.

Na naɗe su a tsohon buhun taki,
na hau kabu-kabu zuwa Maƙerar Assada.
Nomau na zaune, zugazugi na numfashi,
bai dube ni ba sai da ƙarfensa ya huce.

Ya ɗauki farar uwar, ya auna ta a tafi,
ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne.
Yac ce, “Kyakkyawa ce, awa amaryar birni.
Amma duba taka.” Ya juya tsohuwar,
ya goge tsatsa da babban yatsa,
sai ga lamba, bakwai ɗin ta kusa shafewa.
“Wagga ita hukuma ta sani.
Ita ad da suna cikin takardarka.
In ka sake ta, ka sake bindiga,
sai ka koma ofis ka bi layi da hula a hannu.”

Na yi shiru. Shekara talatin da ɗaya
ƙarfen nan na jin zufar tafina.
Na ce a mai da farar cikin kwali.

Saura sirdi.
Ɗaya dogo ne, zobe biyu masu sheƙi,
kowane da ƙafarsa, kowane da ra'ayinsa.
Ɗaya gajere, baƙi, ƙarfe guda,
mummuna kamar ƙwarƙwaron tukunya.
Raina ya so mai sheƙi, ba zan ɓoye ba.

Nomau ya ɗora shi, ya ce in kai kumatu.
Na kai. Kumatuna na lilo a iska,
wuyana ya miƙe kamar na zalɓe.
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
“Madubi baƙo na, Arzika.
Baƙo ko na sarki ne, in tabarma na zamewa,
ba ya faɗin gaskiya.”

Ya ɗora baƙin.
Kumatu ya sami ƙota kamar an kira shi.
Ya ɗaure kusa huɗu, kaɗan nan, kaɗan can,
ba ya bari ɗaya ta riga 'yan'uwanta,
yadda ake ɗaurin ganga.

La'asar muka gangara fadamar Kwalkwalawa.
Rima ta ja baya, ta bar laka da sawun shanu.
Ya kafa gwangwanin madara jikin gaɓa,
babu kowa a baya sai ƙasa.
Na farko ya bi hagu. Na biyu ma.
Na ce sirdinka ne.
Yac ce, “Numfashinka na. Kana riƙe shi awa bashi.”
Na sake shi rabi, na taɓa kunama.
Gwangwani ya yi ƙara, ƙaramar ƙara,
kamar cokali ya faɗi a ɗakin maƙwabta.

Huda uku, murfin kwalba ya rufe su.

Na biya shi, ya ƙi karɓar duka,
ya ce a kawo albasa in an cire.
Farar uwar tana nan saman kabad,
Anaruwa na tambaya, ina cewa tana lafiya.

Jiya da asuba na leƙa ta madubin.
Gafiya ɗaya ce. Guda ɗaya tak.
Na daɗe ina kallon gashin bakinta
har na manta abin da ya kawo ni.