Azumin Ruzena

Hawa na shida, birnin Ostrava.
Bohumil ya sauko daga tuƙin dare,
ya tsuguna gaban akwatin gilashi.

Ruzena, tautau mai jar gwiwa,
sati bakwai ta ƙi ci.

Gyare ya sayo, ya ƙosar da karas,
ba wanda ya kai girman cikinta.
Kyankyason kicin? Faufau,
maƙwabciya na feshin magani.

Da hantsaki ya ɗauke gyaren jiya,
kar abinci ya cinye mai ci.

Da asuba ya tarar da ita rigingine.
Gabansa ya faɗi.
Ashe saɓa take.

Ruwa a murfin kwalba,
kwana goma a kalanda,
sai haƙoranta sun yi baƙi.

Sannan ya tuna
shi ma bai karya ba.