Laraba, a Ofishinmu na Apapa

Ƙarfe huɗu saura kwata,
ruwa na dukan tagogin bene na uku,
Morenike na kan waya da wani mai kwantena bakwai a tashar jirgi,
ta ce, "Saurara mini, Alhaji, takardar kwastan..."
sai maganar ta tsinke kamar zaren da ya ji reza.

Ni aka kira. Kullum ni ake kira.
"Tasi'u! Wayoyi sun mutu!"

Ba duka suka mutu ba.
Goma sha ɗaya, masu shan wuta ta kebul ɗin netwok,
waɗanda cinsu da maganarsu duk igiya ɗaya ce,
su suka yi baƙi ƙirin, ko sallama babu.
Uku masu caja a bango suka rage a farke,
fuska na haske, rubutu guda a kai:
ana nema,
ana nema.

Na tsaya kan ta teburin akanta.
Ba ta manta lambarta ba, ɗari biyu da bakwai,
to amma ina amfanin suna a gidan da ba mai amsawa?
Ta yi sallama cikin igiya, shiru.
Ta ƙirga daƙiƙa talatin ta sake.
Ta roƙi adireshi, ba wanda ya miƙo mata.
Ta juya ga sabar da muka ajiye don ɓacin rana,
ashe hanyar can ma ta bakin suwic ɗin take bi.
Gada ɗaya ce, kuma ta karye.

Na san wannan tsayuwar.
Shekarata ta farko a Legas haka na yi ta,
daga Agege zuwa Ikeja da takardu cikin leda,
in ƙwanƙwasa, in jira, in sake,
mai gadi na kallona ta ƙaramar taga.

Ɗakin saba zafi kamar tanda.
Silin ya yi ciki, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis,
daidai kan suwic mai baki ashirin da huɗu.
Korayen idanunsa da ke ƙiftawa dare da rana
yau duk sun rufe.
Wata shida ina rubuta wa Oga Bankole batun rufin nan.

Na jawo tsohon suwic daga ƙarƙashin kwalaye,
na hure ƙura, na yi bismilla,
na bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ina sokawa,
gwiwata cikin ruwa, tocila a baki.

Ba tare suka farka ba.
Ta kusa da ƙofa ta fara, ta yi hamma da jan haske,
sai ta ɗakin taro, sai ta oga da jan ajinta.
Kowace ta tashi da agogon da ba daidai ba,
sha biyun dare, ɗaya ga Janairu,
sai da aka gaya musu lokaci suka yarda yamma ce.

Ɗari biyu da bakwai ta daina nema.
Ban ma miƙe ba ta Morenike ta ɗau ƙara.
Alhaji ne.
Ya ɗora faɗansa daga inda ya tsaya,
kuɗin ajiya na hawa, wa zai biya?

Ba wanda ya ce mini sannu.
Na matse ƙafar wandona a bakin matakala,
na leƙa titi: tireloli sun toshe har gada,
yau ma sai bayan isha'i.